Farin Tabo a Wuyan Akawali

Daga Allah muka zo, wurinsa za mu koma, kuma Kawu ya riga mu komawa. Ya rasu ranar wata Talata da hantsi a ɗakinsa da ke Dutsin-Ma, bayan jinyar kwana tara. Yayan mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Wanzami ne tun yana saurayi, amma abin da aka fi saninsa da shi, daga Dutsin-Ma har Kurfi, shi ne askin dawaki. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Ni ba mai rubutu ba ne. Firamare na gama, na leƙa sakandare shekara biyu na gudu. Abin da na ji a zaman makoki ne ya sa na ɗauki biro, don har yanzu yana ci mini rai.

Tun ranar farko masu gaisuwa suka fara ba ni haushi. Kowa ya zauna a kan tabarma, ya shafa addu'a, sai ya ce, "Allah sarki, mutum mai sanyin hali. Ba a taɓa jin muryarsa ba." Kawu ne ba a taɓa jin muryarsa ba? Mutumin da in yana faɗa a ƙofar gida ake jiyo shi a bakin tasha? Wanda ya fi kowa nanata maganar nan maƙwabcinmu ne, wanda da idona na ga Kawu ya biyo shi da tsintsiya saboda ya ɗauki man injin askinsa ya ɗiga wa sarƙar keke.

A cikin gida aka fi faɗin gaskiya. Inna, mahaifiyata, tana kuka tana cewa, "Wa zai riƙa yi mini faɗa yanzu?" Ita kuwa matarsa, wadda muke kira Iya, da mata suka dame ta da yabon haƙurinsa sai ta share ido ta ce, "Ku dai ku yi mashi addu'a. Haƙurin nan ni na yi shi. Shekara arba'in ina dafa shayi, bai taɓa sha ba sai ya koma ruwan randa."

A rana ta uku wani Alhaji ya zo daga Kurfi, mai dawaki ne, yana da wani akawali baƙi wuluk da kowa ya sani a yankin. Ya zauna, aka yi addu'a. Da aka shafa sai ya gyara murya yadda na ƙarshen layi zai ji, ya ce, "Jama'a ku shaida. Abin da marigayi ya yi wa dokina shekara tara da suka wuce, na yafe mashi duniya da lahira. Tsufa ne, kowa zai je can."

Wuri ya ɗauka, "Allah ya saka da alheri, Alhaji." Ina tsaye da farantin dabino a hannu. Ni ma na buɗe baki na ce amin.

Wannan amin ɗin ita ce laifina na baya-bayan nan, don ba Kawu ne ya ƙona dokin nan ba. Ni ne. Zan faɗi yadda aka yi, amma sai na fara nuna muku ko wane ne aka tsaya ana yafe wa, ku gane nauyin abin.

Ina da shekara talatin, da mata da 'ya'ya biyu, lokacin da babur ɗin da nake acaɓa da shi ya mutu, na koma zaman kashe wando. Inna ta tasa ni gaba har zauren Kawu, ta ce, "Yaya, ga ɗanka nan, ka koya mashi abin yi." Kawu bai dubi fuskata ba. Hannuna ya kama, ya juya shi, ya ce, "Hannun ɗan acaɓa. Komi ya gani a gaba so yake ya wuce shi." Daga ranar ya raɗa mini Sarkin Sauri, kuma ba yabo ba ne.

Injin askin nasa babba ne, tsawonsa ya kai kamu, yana da nauyi, ba irin na shagon aski ba. Wani likitan dabbobi ne ya bar masa shi da zai yi ritaya. A cikin akwatin ƙarfe yake ajiye shi, naɗe da tsohon zanen Iya. Cikin akwatin akwai bakin aski na biyu na canji, da kwalbar man keken ɗinki, da tsohon burushin goge haƙori, da wani ɗan falalen dutse kamar tafin hannu. Dutsen nan ba ya kwana a akwati, a ƙarƙashin randar Iya yake kwana don ya sha sanyi, da safe a goge shi ya bushe a tafi da shi.

Duk rayuwar Kawu a kan abu ɗaya take, kada injin nan ya yi zafi. Ban taɓa ganin mutumin da ya ɗauki abu ɗaya ya ɗora wa kansa da duk wanda ke kusa da shi haka ba.

Da farko dai ba ya taɓa dokin da ba a wanke tun jiya ba. Wata rana wani mai lambu ya jawo dokinsa tun daga Zobe, can bakin dam, tafiya mai nisa, ya iso yana haki. Kawu ya tura yatsu cikin gashin dokin, ya fito da su, ya murza, ya kai wa mutumin har hanci.

"Malam, wanga doki ne ko gona?"

"Haba Baba, ƙura ce ta hanya."

"Yashi ne. Yashi shi ke dakushe baki. Baki in ya dakushe sai ya yi ta cizon gashi ba ya yankawa, sai ya ɗau zafi. Ya ɗau zafi ya ƙona maka doki, ka bi gari kana cewa ni ne. Tafi ka wanke shi da sabulu, ya bushe, ka dawo gobe."

"Daga Zobe fa nake, Baba."

"To ai ku ke da ruwan."

Mutumin ya juya yana ƙunƙuni. Ni kuwa kamar in yi kuka, don aikinmu na ranar ke nan ya tafi.

In an kawo doki wankakke ma ba a tsira ba. Sai a gindin bishiya, kuma da safe. In na tayar da janareto ba za a jona inji ba sai Kawu ya saurara ya ji ƙararsa ta daidaita. Sannan ya ɗiga mai, ɗigo uku a kan haƙoran bakin, da ɗaya a kowane gefe. Sannan notin da ke danne bakin, ya ɗaure har ya kama, ya kuma sassauta shi kaɗan. Na taɓa ce masa, "Kawu, in an ɗaure tamau ai ya fi yanka." Ya ce, "Kai ma in an shaƙe maka wuya za ka fi gudu, amma ba za ka yi nisa ba."

Sai a fara. Ya ja sau biyar ko shida, ya kashe. Ya ɗaga injin ya manna bakin a kuncinsa, nan ƙasan ido, ya yi shiru kamar mai sauraron waya. In ya ji ɗumi ya wuce yadda yake so, sai ya kwance bakin ya ɗora a kan dutsen nan ya sha zafin, ya ɗaura na biyu. Kafin ya kunna kuma sai ya bi kafofin iskar injin da burushi, waɗanda yake kira hanci, ya fitar da gashin da ya toshe su. Ya sake ɗiga mai. Ya ja sau biyar ko shida. Ya kashe. Kunci.

Na tambaye shi me ya sa ba zai taɓa da yatsa ba kamar kowa. Ya ware mini tafin hannunsa, duk kanta. Ya ce, "Wanga hannu ya mutu, ko garwashi zai ɗauka. Fatar doki ba irin ta hannuna ba ce, irin ta kuncina ce. Kuma shi ba ya da bakin da zai ce maka wayyo."

Wata rana don in rage mana lokaci na tsoma baki mai zafi a bokitin ruwa, ya yi cuu. Kwana uku Kawu yana faɗan tsatsa. Ya faɗa wa Iya, ya faɗa wa Inna, ya faɗa wa mai shayi. Na je masallaci, limami ya kalle ni yana murmushi ya ce, "Sarkin Sauri, ya tsatsa?"

Doki ɗaya sai ya cinye mana tun daga safiya har azahar. Masu dawaki su zauna, su tashi, su je kasuwa su dawo, su tarar muna ciki. Akwai wani mutumin Shema da aka yi wa dokinsa gefe ɗaya, rana ta take, inuwar darbejiyar ta janye. Kawu ya manna injin a kunci, ba bakin kaɗai ba har jikinsa, ya ce an tashi, sai gobe.

"Baba, haka zan hau shi in ratsa gari? Rabi da gashi rabi babu?"

"Ka bi ta gefen da aka aske, ka riƙa gaida mutanen wancan ɓangaren."

Haka mutumin ya tafi, mutane na dariya har bakin kasuwa. Washegari kuma ya dawo, don ya san ba wanda zai yi masa irin aikin.

Abin bai tsaya ga inji ba. Dutsen gugar Iya sai ya kusanto da shi kunci. Kunun jikoki sai ya manna kofin a kunci. Wayata in tana caji ya ɗauka ya manna, ya zare ta ya ce ina azabtar da ita. Sun taɓa yin sati ba sa magana da Inna don ya je gidanta ya sauke mata tukunya daga murhu, wai ƙarfen ya gaji. Inna ta ce, "Yaya, tukunya ce, wuta ce aikinta!" Ya ce ita ma Sarkin Sauri ce, a wurinta na gado.

Sau ɗaya tak na taɓa ganin ya yi gaggawa. Ɗiyata ta fari tana da shekara huɗu ta tashi da zazzaɓi, muka ce na shawara ne, a jiƙa mata magani. Kawu ya shigo da hantsi neman burushinsa, ya gan ta kwance. Ya durƙusa ya ɗora kuncinsa a goshinta. Ko ƙifta ido ban yi ba ya saɓa ta a kafaɗa, ya fita ba takalmi, ya ƙwace babur ɗin maƙwabci ya miƙa mini. Yana bayana rungume da ita yana dukan kafaɗata, "Yi sauri! Yau ce ranarka, Sarkin Sauri, yi sauri!" A asibiti suka ce da mun kai yamma da labari ya bambanta. Yarinyar nan ita ce ta fi kowa kuka ranar da aka fitar da shi.

Wannan ne mutumin. Yanzu ga abin da na yi masa.

Shekarata uku tare da shi, ƙafafun doki kawai yake bari in aske, su ma yana tsaye a kaina. Raina ya soma ɓaci. Ina ganin na iya, tsoho ne kawai ba ya son sakin inji.

Cikin bazara Alhajin nan na Kurfi ya aiko a zo a gyara akawalinsa, ɗansa zai hau ranar ɗaurin aurensa, saura kwana biyu. Motar da muka shiga ta lalace a hanya, ba mu isa ba sai da rana ta yi sama. Kawu ya dubi sama ya ce a bari sai gobe da safe. Alhaji ya ce gobe gida cike yake da baƙi, yau ko babu. Da ƙyar Kawu ya yarda, muka ɗaure dokin a rumfar barga. Ya gama gefe ɗaya, ya fara wuya, aka kira azahar. Ya kashe inji, ya ajiye, ya ce, "Ya gaji. Kada ka taɓa shi." Suka tafi masallaci da Alhaji. Na ce zan tsaya gadin kaya, in sun dawo in yi tawa.

Suna shan kwana na ɗauki injin. So nake su dawo su tarar na gama wuyan, Alhaji ya ce ashe yaron nan ya fi tsohon. Wannan ne kawai dalilina, ba ni da wani. Ban canja baki ba. Ban ɗiga mai ba. Ban duba hanci ba. Na ɗaure notin tamau yadda na daɗe ina so, na kunna.

Kuma ya yi sauri, wallahi ya yi sauri. Gashi na zuba, ni ina jin daɗi. Fatar dokin ta fara karkarwa, yana buga ƙafa, na ce ƙuda ne. Ya fisge kai, na rage igiyar na ɗaure shi kurkusa da turke. Na ji ƙaurin gashi, na ce janareto ne. Da na zo ƙarƙashin geza, inda nake son layin ya fita sosai, sai na danna bakin na tsaya a wurin ina gyarawa. Dokin ya yi wata irin haniniya da ban taɓa ji ba, ya miƙe da ƙafafun gaba har rumfar ta girgiza.

Na kashe. Na taɓa bakin da babban yatsa, ni mai kanta a hannu, sai da na yarfe. A wuyan dokin ga wani layi ya kai tsawon tafin hannu, fatar ta yi fari-fari ta fara tashi.

Ga abin da ya fi ƙunar muni. Na mayar da injin daidai inda Kawu ya ajiye shi. Na sa hannu na kwanto gezar ta rufe wurin. Na koma gefe na zauna.

Kawu ne ya fara shigowa. Kafin ya ce komai ya ɗauki injin ya kai kunci, kamar yadda ya saba. Na ga ya zabura. Da ya sauke, wurin ya yi ja. Ya dube ni. Ya dubi igiyar da na rage. Ya je ya ɗaga gezar.

Nan Alhaji ya shigo da carbi a hannu. "Mi ya faru? Mi ya sa yake rawa haka?"

Kawu ya ce, "Inji ya yi zafi, Alhaji. Doki ya ƙone. Laifin daga wajenmu yake."

Alhaji ya duba ciwon, ya dubi gezar da ke hannun Kawu, ya haɗa nasa lissafin. "Wato ka ƙona shi, ka rufe da geza, ka bi ni masallaci ka tsaya kafaɗa da kafaɗa da ni? Da furfurarka? Ƙunar ba ta dame ni ba kamar rufewar. Ashe haka kake?"

Mutanen gidan suka taru. Kawu yana tsaye, kuncinsa ja, bai ce uffan ba. Ni ina naɗe wayar injin. Na naɗe ta, na warware, na sake naɗewa. Kalma uku ce, ni ne, Alhaji. Ban faɗa ba.

A mota bai yi mini magana ba har muka hango duwatsun gari. Sannan ya ce, "Ka yi azahar?" Na ce a'a. Ya ce, "To in mun sauka ka yi."

Shi ke nan abin da ya ce, a ranar da kuma shekara tara da suka biyo baya. Wannan shi ne abin da ya fi ba ni haushi da Kawu, har yanzu da yake kwance. Mutumin da ya yi kwana uku yana tallata ni a gari saboda tsatsa, a kan wannan ko tari bai yi ba. Da ya zage ni, da ya mare ni, da na samu inda zan ajiye abin. Na taɓa tattara ƙarfin hali na ce, "Kawu, maganar nan ta Kurfi." Ya ce, "Miƙo mini burushi."

Ango a kan dokin aro ya hau. Ƙuda suka shiga ciwon ya ruɓe. Sati uku Kawu yana zuwa Kurfi kullum da maganin da ya karɓo wurin likitan dabbobi, yana wankewa yana shafawa. Ta ƙofar baya ake buɗe masa, ba mai ba shi ko ruwa. Ciwon ya warke, amma gashin da ya fito a wurin fari ne fat a kan baƙin doki, ana hango shi daga nesa. Duk wanda ya tambaya sai a ce aikin tsohon nan ne na Dutsin-Ma, hannunsa ya fara rawa, ga shi da rufa-rufa. Kurfi ba a sake kiransa ba.

Sati ɗaya da faruwar abin aka kawo wani doki. Kawu ya haɗa inji, ya miƙo mini, ya ce in aske shi duka. Ya ja kujera ya zauna. Na ja sau biyar, ya ce, "Kunci." Na manna. Kalmar da ya yi ta faɗa mini ke nan har aka gama. Tun daga ranar ni ke riƙe inji, kuma ban sake ƙona ko gashi ɗaya ba. Mutane suka fara cewa gara da ya sakar wa yaron, tunda hannunsa ya lalace. Ina ji, ina yin shiru. Gaskiya ma daɗi nake ji.

Bayan Alhaji ya yi yafiyarsa ya tafi, na shiga cikin gida na sami Inna da Iya a ɗaki, na faɗa musu komai. Inna ta ce, "Kai ne? Shekara tara kana cin tuwo a gidan nan?"

Iya ba ta yi mamaki ba. Ta ce ranar da muka dawo ita ta shafa masa man kaɗanya a kunci, ta matsa masa har ya faɗa. Ta ce masa ya fito ya wanke kansa, sai ya ce, "Ni sunana ya gama mini aiki. Shi yanzu zai fara ciyar da iyali da nashi." Ya kuma hana ta faɗa wa kowa.

Na ce, "Wa ya roƙe shi?" Ina faɗa ina kuka.

Inna ta ce, "Rufe mini baki. Ba ka roƙa ba amma ka karɓa. A gaban mutane aka yafe wa Yaya laifin da bai yi ba. Ka je ka ɗauko kayanka."

Bayan sadakar bakwai na shiga mota zuwa Kurfi. Na sami Alhaji da safe a bakin barga yana kallon ana zuba harawa. Na durƙusa, na faɗi abin tun daga notin har gezar. Na zaci zai tashi da faɗa. Sai kawai ya juyo ya tambaye ni.

"Ka san abin da na ce mashi ranar nan?"

"Ina wurin, Alhaji."

"Kana wurin. Sati uku yana zuwa gidana, na hana a ba shi ruwa. Sannan ka bar ni na je makokinshi na buɗe baki ina yafiya, ana sa mini albarka. Kai ka zo ka sauke naka. Ni fa? Wurin wa zan je? Ya tafi!"

Na ce ya yafe mini. Ya ce, "Ban ce ba tukuna. Injin na nan?" Na ce yana nan. Ya ce, "Jibi ka zo da shi."

Na ce, "To a wanke dokin gobe, da sabulu." Ya harare ni, amma da na zo na tarar an wanke.

Akawalin ya tsufa, bayansa ya lotsa, gashi ya yi masa yawa. Alhaji ya ce tun bayan Kawu masu ƙananan injuna suke kira, kuma dokin da ya ji ƙara sai ya fara harbi. Na ajiye dutse a inuwa. Na saurari janareto. Ɗigon mai uku, da ɗaya a kowane gefe. Na ja sau biyar, na kashe, na manna. Alhaji ya zauna, ya tashi, ya je ya karya kumallo ya dawo. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya ya ce, "Kai, wai yau za a gama kuwa? Ka fi shi ma nawa!"

Da na iso farin tabon, dokin ya sandare, fatarsa na karkarwa. Na kashe, na kai bakin kunci. Ɗumi ne kaɗan, da zai yi. Duk da haka na kwance shi na ɗora a kan dutse, na ɗaura mai sanyin, na fara manna shi a wuyan dokin ba tare da na kunna ba, har ya saki jiki. Sannan na aske wurin. Da zan tafi Alhaji ya ce, "Ranar arba'in zan zo. Ni zan fara, kai ka ƙarasa."

Ya zo kuwa. Ya tsaya a inda ya zauna wancan karon, ya ce ya zo ya janye yafiyarsa, don babu abin yafewa, shi ne ma yake roƙon iyalan marigayi su yafe masa. Sannan na miƙe na faɗi nawa. Maƙwabcin nan mai sarƙar keke ya ce, "Ai ni dama na san ba zai aikata ba." Ban tanka masa ba, don ba ni da bakin yi wa wani gorin ƙarya.

Amma ranar uku layin ƙofar gida cike yake, mutanen Shema, na Zobe, na Kurfi, har na Katsina, duk sun ji an yafe wa Kawu. Ranar arba'in kuwa tabarma biyu ce ba ta ma cika ba. Sauran sun tafi da labarin farko, kuma akawalin yana nan yana yawo da tabonsa. Shi ya sa na rubuta wannan. Wanda ya karanta ya taimaka ya karanta wa wanda bai iya ba, musamman in mai doki ne.

Kawu yana da faɗa, yana da taurin kai, ya ɓata wa rabin garin nan lokaci, ya sa mutum ya ratsa kasuwa da rabin doki. Duk wanda zai yafe masa waɗannan ya yafe, muna godiya. Amma bai taɓa ƙona dabba ba, kuma bai taɓa rufe ciwo da geza ba. Farin tabon da ke wuyan akawalin Kurfi nawa ne.

Allah ya gafarta wa Kawu, ya sanyaya masa makwanci yadda ya yi ta sanyaya wa bayin Allah marasa baki. Ni kuma ku sa ni a addu'a, don Alhaji har yau bai ce ya yafe mini ba, kuma ban ga laifinsa ba.